Gidan Wanka na Jama'a Haƙƙi Ne a Wuyan Gari

Tun da aka fara maganar sake gina garuruwan Sudan bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, abubuwan da ake lissafawa su ne asibitoci da makarantu da gadoji da tashoshin lantarki da na ruwa, kuma babu mai hankalin da zai ce ɗayansu bai cancanta ba. Sai dai akwai wani ƙaramin gini da ba a sa shi a wannan lissafi, wato wurin da mutumin da ba shi da gida, ko wanda gidansa ya yi masa nisa, zai shiga ya tura ƙyaure ya wanke jikinsa da ruwa mai tsabta ba tare da ya roƙi kowa ba. Ra'ayina shi ne gidan wanka na jama'a haƙƙi ne a wuyan gari, kamar yadda famfon unguwa da maƙabarta suke haƙƙi a wuyansa, kuma wajibi ne ƙananan hukumomi da masu waƙafi da mu kanmu jama'a mu sa shi cikin ayyukan farko, mu kuma gina shi yadda zai ci gaba da aiki shekaru bayan an watse daga bikin buɗe shi. Daga Gadarif nake wannan rubutu, don haka yawancin misalaina na nan ne, amma na tabbata mutanenmu na Kasala da Bur Sudan da Kusti da Umdurman za su ga garinsu a ciki.

Wanda yake da banɗaki a gidansa ba ya lura da yawan waɗanda ba su da shi. Yaƙi ne ya fito da su fili, domin Gadarif ta karɓi ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira, da farko daga Khartum, sannan daga Madani bayan da ta faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojan gwamnati, a watan Disamban 2023, sannan daga Sinja da ƙauyukan Sinnar a tsakiyar 2024, kuma waɗanda ba su da dangin da za su sauke su an zuba su a makarantu da rumfunan tasha da filaye. Da yawa sun koma bayan da soja suka karɓe Madani a Janairun 2025 da Khartum a watan Maris na shekarar, amma kuskure ne a ɗauka cewa matsalar ta bi su ta tafi, domin tun kafin yaƙi tana nan. Namu gari ne na noma, kuma duk kaka dubban 'yan jango, wato 'yan ƙodagon gona, suna sauka don yankan riɗi da girbin dawa, su kwana a gefen tasha suna jiran mai gona ya zo ya kwashe su. Akwai 'yan dakon kasuwar amfanin gona da suke yini suna saɓa buhu, ƙaiƙayin dawa yana manne musu a wuya da gumi. Akwai direbobin manyan motoci da yaransu masu bin hanyar Gallabat zuwa iyakar Habasha, da masu jinya da suka baro ƙauye suka shimfiɗa tabarma a harabar asibiti mako biyu ko uku, da mata masu sayar da shayi da suke fita tun kafin kiran asalatu, da almajirai, da yaran da ba su da makwanci sai bakin shaguna. Gari yana cin gumin yawancinsu, yana karɓar harajin wasunsu, amma bai tanadar musu inda za su wanke wannan gumin ba.

A lokacin da makarantu suka cika da baƙi na shiga ɗaya daga cikinsu tare da matasan unguwarmu masu kai abinci, kuma abin da na gani a bayan azuzuwa ya fi tsaya mini a rai bisa abin da na gani a cikinsu. An gina makewayin makarantar ne don yaran da za su yi awa biyar ko shida su koma gida, 'yan ɗakuna kaɗan masu rami, babu ƙusar rataye tufa, babu ƙofa mai sakata, sai ga iyalai masu yawa sun dogara da shi dare da rana. Maza da yara sukan tsaya a jikin katanga da gajeren wando su kwara ruwa a ka su wuce. Mata kuwa sai sun jira dare ya raba, biyu su riƙe zanen gado su yi wa ta uku shamaki, ita kuma ta tsuguna a kan bulo da rabin jarka da guntun sabulu, tana sauri, kunnenta yana kan takun duk mai wucewa. Wata dattijuwa daga mutanenmu na Sinnar ta ja ni gefe ta nuna mini jikarta da ta haihu kwana tara kafin ranar, ta ce: "Malam, abinci dai ana kawo mana, Allah ya saka da alheri. Amma yarinyar nan tun da ta sauka ruwan zafi bai taɓa jikinta ba, ni kuma ban san inda zan ɓoye ta in yi mata wanka ba." Na ce mata, "Inna, Allah ya kawo mafita," na sunkuyar da kai. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san tukunyar da ake ɗorawa safe da yamma domin mai jego, ya san ganyen da ake tsomawa a ciki, don haka ya san nauyin abin da tsohuwar nan ta faɗa. Likitoci suna da ja a kan zafin ruwan da wasu ke wuce gona da iri da shi, kuma suna da gaskiya, amma babu likitan da ya taɓa cewa a bar mai jego cikin jini da gumi kwana da kwanaki.

Karatun fiƙihun da muka yi a gaban malamanmu da tsarki ya fara kafin a kai ga salla. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tsarki rabin imani ne, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa haƙƙi ne a kan kowane Musulmi ya yi wanka rana ɗaya cikin kowane kwana bakwai, ya wanke kansa da jikinsa. Wankan janaba da na ɗaukewar haila da na biƙi farillai ne. Gaskiya ne shari'a ta yi rangwame da taimama ga wanda ya rasa ruwa, amma an yi rangwamen ne don lalura mai wucewa, kuma abin kunya ne a gare mu a ce mace tana tsakiyar birni, masallatai sun kewaye ta ta ko'ina, ana wanke motoci da tiyo a bakin titi, ita kuwa tana jinkirta sallarta saboda babu ɗakin da zai suturta ta na minti goma. Malamai suna da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, kuma a fahimtata idan samar da abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya to nauyinsa yana komawa kan jama'ar da yake zaune a cikinta. Magabata sun gane haka. A tsofaffin biranen Musulunci irin su Dimashƙa da Alƙahira da Fas da Istanbul, gidan wanka yana maƙwabtaka da masallacin Juma'a da kasuwa, kuma da yawansu waƙafi ne da wani sarki ko attajiri ya tsayar don amfanin kowa.

Ta fuskar lafiya, ba na son in ɗora wa gidan wanka abin da ba zai iya ɗauka ba. Kwalara, wadda aka ayyana ɓullarta a jihar Gadarif a watan Satumban 2023, ta kuma dawo a daminar 2024 ta wajen Kasala ta bazu a ƙasa har waɗanda ake zaton sun kamu suka doshi 100,000 cikin shekara guda, fiye da 2,400 kuma suka rasu, ta baki take shiga, ta ruwan sha da abincin da najasa ta taɓa. Garkuwar farko daga gare ta ita ce ruwan sha mai kulorin da masai mai kyau da wanke hannu da sabulu, wanka yana biyo bayansu ne. Amma gidan wanka na ƙwarai ai da waɗannan duka yake zuwa, da masansa da famfon wanke hannunsa da dakalin wankinsa, kuma yana janye mutane daga bakin hafiri, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, da kogi, inda mai wanka da mai wankin tsumman jariri da mai ɗibar ruwan sha suke haɗuwa a mashigi ɗaya. Abin da ya faru a Kusti a watan Fabrairun 2025 ya isa izina, lokacin da aka kai hari tashar lantarki, injinan ruwa suka tsaya, mutane suka koma sayen ruwan da amalanken jaki ke ɗebowa daga Farin Nilu, cikin 'yan kwanaki kuma asibiti ya cika da ɗaruruwan masu amai da gudawa. Ban da kwalara, akwai cututtukan da ruwa da sabulu suke tsaye a gabansu kai tsaye, kamar ƙwarƙwata da makero da ƙurajen zafi da kan rikiɗe su zama gyambo, da ciwon idon tirakoma wanda wanke fuskar yara yana cikin ginshiƙan yaƙi da shi. Ƙazuwa kuwa, wadda ke bin duk inda aka cunkusa mutane, tana buƙatar magani, amma maganin ba ya ci idan mai ita zai koma cikin rigar da shimfiɗar da ba a wanke ba.

Ƙungiyoyin agaji suna da ma'aunin da suka yi ittifaƙi a kai, wanda ake kira Sphere, kuma a cikinsa mafi ƙarancin abin da za a ba ɗan Adam a lokacin bala'i shi ne lita 15 na ruwa a rana, da masai ɗaya ga mutum 20, da ɗakin wanka ɗaya ga mutum 50, da giram 250 na sabulun wanka a wata. Wannan ma'aunin sansanin gudun hijira ne, inda komai ya rushe. Duk wanda ya ƙirga masu kwana a tashar garinsu ko a harabar babban asibitinsu, ya raba su da ɗakunan wankan da ke wurin, zai ga cewa a lokacin zaman lafiya ma muna ba talakan birni ƙasa da abin da duniya ta yarda a ba ɗan sansani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince tun a watan Yulin 2010 cewa ruwa da tsabtar muhalli haƙƙi ne na ɗan Adam, amma haƙƙin da ba shi da ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa a takarda yake ƙarewa.

Babbar hujjar masu ja da wannan magana ita ce ƙarancin ruwa, kuma a Gadarif ba hujjar wasa ba ce. Gari ne da ya shahara da ƙishi. Ruwansa yana tahowa ta bututu daga Shuwak a bakin kogin Atbara, mai nisan kilomita da dama, sai kuma rijiyoyi da hafirai, aikin janyo ruwa daga madatsar Atbara da Sitit kuwa an yi shekaru ana jiran ganin ƙarshensa. Da bazara unguwanni da yawa amalanken jaki ne famfonsu, kuma farashin ganga yana hawa tare da zafin rana. A Bur Sudan abin ya fi muni tun da madatsar Arba'at, wadda ita ce babbar mashayar garin, ta ɓalle a watan Agustan 2024. A irin wannan hali, in ji su, ta yaya za a ɗauki ruwan da ba ya isar sha a ba mutane su zubar a wanka?

Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. Bokiti ɗaya na lita 15 yana wanke baligi tas da soso da sabulu, kuma yawancinmu da shi muka girma. An ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, sa'i kuwa wajen lita uku ne a ƙiyasin malamai, don haka tattalin ruwa a wanka sunna ce da muka gada. A ɗauka an gina ɗakuna goma, kowane ɗaki yana sallamar mutum uku a awa, ana buɗewa awa 12 a rana. Mutum 360 ke nan, ruwansu lita 5,400, wato ganga 27 masu cin lita 200. Shawar gida ta yau da kullum tana zubar da wajen lita 10 a minti, saboda haka mutum 54 da kowannensu ya tsaya minti goma a ƙarƙashinta sun ƙarar da abin da zai wanke waɗancan 360. Ruwan gari yana da ƙaranci, wannan babu musu, amma idan an zo rabon abu mai ƙaranci sai a duba wane ne ya fi samu, wane ne ya fi rasawa, kuma ban ga adalci a ce tattali ya fara daga kan ɗan dako ba alhali mai tanki biyu a kan soro ba a tambaye shi komai ba. A tuna kuma cewa talakan da ba shi da famfo shi ne ya fi kowa sayen ruwa da tsada, domin jarka-jarka yake saye daga mai amalanke, yana biyan kuɗin ruwa da na jaki da na tafiya.

Wannan lissafin ne ya sa nake ganin gidan wankan da ya dace da garuruwanmu na bokiti ne. Kan shawa yana buƙatar ruwa mai ƙarfi, laka da gishirin ruwan rijiya suna toshe shi, kuma shi ne abu na farko da ake kwancewa a tafi da shi. Famfo biyu ko uku a tsakar wurin, a gaban mai kula, suna cika bokitai ana shiga da su, sun fi sauƙin gyara kuma suna sa a san ruwan da ya fita. Tankin ya kasance a sama, rufaffe, mai ɗaukar ruwan kwana biyu ko uku, ana sa masa kulorin ana kuma aunawa, domin gidan wankan da ruwansa ya gurɓata ya fi rashinsa haɗari. Injin tura ruwa ya yi aiki da hasken rana, tun da man dizal ya zama abin da ya zama kuma wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, a ɗora faifan a inda hannu ba ya kaiwa, a ɗaure shi da walda. Ruwan ɗumi na hunturu da na masu jego da tsofaffi ba ya buƙatar itace ko gawayi, baƙin tanki a rana ya wadatar a ƙasar da rana ba ta yi mata rowa.

Abin da ya fi wahala shi ne inda ruwan zai tafi bayan an yi wankan, kuma nan ne magina da ba su san ƙasarmu ba suke faɗuwa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ita ce ta sa riɗi da dawa suke albarka, amma da rani takan tsage har ƙafa ta shige, da damina kuma ta kumbura ta riƙe ruwa ba ta tsotsa. Tana fasa tushen gini, tana rufta ramin masai, kuma ramin tsotse ruwa da ake haƙawa a ƙasa mai yashi ba ya aiki a cikinta. Idan aka saki lita dubu biyar na ruwan sabulu kullum a kwata, cikin mako guda an yi kududdufi a tsakiyar kasuwa, an gayyato sauro a garin da bai manta zazzaɓin dengi na 2023 ba. Dole ne a raba ruwan wanka da na masai tun daga ɗaki, na masai ya tafi rami ginanne da siminti wanda motar kwasa za ta iya isa gare shi, na wanka kuma ya bi ta matatar tsakuwa da yashi ya taru a kwarami rufaffe. Da wannan ruwan za a kora masai, a wanke daɓe, a shayar da darbejiya da sauran itatuwan inuwa a bakin tasha, amma kada a kai shi ga latas ko tumatir ko wani abin da ake ci ɗanye. Ruwan da aka saya sau ɗaya ya yi aiki sau biyu ke nan, tasha kuma ta sami inuwa.

Duk da haka ginin shi ne ɓangare mai sauƙi. Kowannenmu ya san wani makewayi da wata ƙungiya ta gina, allon sunanta yana nan tsaye, ƙofofin sun tafi, ramin ya cika, mutane suna toshe hanci su wuce. Ba mugunta ce ta kashe shi ba, an dai ba da kuɗin bulo da siminti ba a ba da albashin mai shara da kuɗin sabulu da na motar kwasa ba. Saboda haka tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a haƙa tushe ita ce daga ina kuɗin kowane wata zai riƙa fitowa. 'Yan'uwanmu na Kano sun daɗe da gidajen wanka na 'yan kasuwa a tashoshi da kasuwanni, ana biya a shiga, kuma kuɗin shigar ne yake riƙe da su, sai dai wanda ba shi da ko sisi a waje yake tsayawa, mata kuma ba su cika samun rabo mai kyau ba. A Indiya ƙungiyar Sulabh, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa a 1970, ta buɗe gidan wanka da masai na biya ka shiga a birnin Patna a 1974, ta kuma yaɗa shi a faɗin ƙasar, inda wuraren da ke kawo kuɗi suke tallafar waɗanda ba sa kawowa. A birnin Faris na Faransa hukumar gari ce take riƙe da gidajen wankanta, kuma tun shekarar 2000 kyauta ake shiga. Ƙananan hukumominmu ba su da aljihun Faris, amma muna da abin da zai cike gurbin, wato waƙafi da zakka.

Abin da nake ba da shawara shi ne a gina kowane gidan wanka da shaguna uku ko huɗu a gabansa, a tsayar da su waƙafi a rubuce, kuɗin hayarsu ya tafi ga albashin masu kula da kwasar masai. Mai hali, kamar direba da ɗan kasuwa, ya biya ɗan abin da ba zai ji a jikinsa ba. Yara da tsofaffi da masu ciki da masu jego da masu jinya su shiga kyauta, Hukumar Zakka ta biya musu, domin matafiyin da guzuri ya yanke masa da miskini suna cikin waɗanda Alƙur'ani ya ambata, kuma a jihar da ake karɓar zakkar riɗi da dawa buhu-buhu bai kamata wanda ya yanke riɗin ya rasa bokitin ruwa ba. A karɓi tsabar kuɗi, kada a ce sai ta Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, domin wanda ya fi buƙatar wurin sau da yawa ba shi da waya mai intanet. Wanda ya zo ya ce ba shi da komai a bar shi ya shiga ba tare da an tara masa jama'a ba.

Ma'aunin da zan auna kowane irin wannan gini da shi shi ne ɓangaren mata. An saba a gina ɗakuna takwas na maza, a raɓa biyu a baya a ce na mata ne, ƙofarsu tana kallon inda samari ke zama, sannan idan ba su zo ba a ce ai dama mata ba sa son gidan wankan waje. Mace tana zuwa da goyo da yaro a hannu, tana da kwanakin al'ada, tana buƙatar inda za ta wanke ƙyallenta ta shanya ba a idon kowa ba, don haka ko an raba ɗakuna daidai wa daida ba a yi mata adalci ba, nata ya kamata su fi yawa. Ƙofarsu ta kalli wani titi dabam, katanga ta yi tsawo, sakata ta yi aiki, fitila ta kwana a kunne, mai kula kuma ta kasance mace mai albashi. A buɗe tun kafin asuba a kuma kai dare, saboda lokutan da mai shayi take da sarari ke nan. Matan nan ba su rasa tsari ba, ƙungiyar masu sayar da shayi da abinci da Awadiya Mahmud Koko ta jagoranta a Khartum shaida ce, kuma na fi amincewa a damƙa makullin ɓangaren mata a hannun irin wannan ƙungiya bisa a ba ɗan kwangila. A kuma bar ɗaki ɗaya a kowane ɓangare mai faɗin ƙofa, babu matakala, da dakalin zama da ƙarfen dafawa, domin yaƙin nan ya bar mana mutane da yawa a kan sanda da keken guragu, ga kuma tsofaffin da gwiwa ba ta barinsu su tsuguna.

Akwai sharaɗi ɗaya da nake roƙon kada a sassauta a kansa, wato kada a tambayi kowa takarda ko ƙabila a bakin ƙofa. Mu Hausawan Sudan mun san ɗacin wannan tambaya, domin kakanninmu sun kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu fiye da shekara ɗari da suka wuce, sun yi noma a Jazira da Gadarif, amma har yau akwai mai kallonmu ya nemi mu tabbatar masa cewa mu 'yan ƙasa ne, kuma mutanenmu na Shuɗin Nilu sun ɗanɗana kwanan makaranta tun rikicin ƙabilancin watan Yulin 2022, kafin sauran ƙasa ta ɗanɗana. Wanda ya sha wannan bai kamata ya shayar da shi ga ɗan jangon da ya fito daga yamma ko daga kudu ba, ko ga ɗan Habashan da ya tsallako neman aiki. A gidajenmu idan baƙo ya sauka ana ba shi ruwan sha, a kai masa ruwan wanka bayan gida, sai ya huta ya ci abinci sannan a tambaye shi labarin hanya, domin an ce baƙonka annabinka. Abin da nake nema shi ne gari ya yi wa baƙonsa abin da kowace uwa a cikinmu take yi wa nata.

Wasu za su ce masallatai sun wadatar. Da yawansu suna da tanki da makewayi, amma ana kulle su tsakanin salloli, kuma ba na zargin kwamitocin, domin su ke biyan kuɗin ruwa, su ke fama da ƙazantar da ake bar musu. Sai dai masallaci shi ne wuri mafi sauƙin farawa, tun da fili da ruwa da amincewar jama'a suna nan, abin da ya rage a ƙara ɗakuna masu ƙofa ta waje da ma'aikaci mai albashi. Ina kira ga attajiranmu, na nan da na Saudiyya masu aiko da kuɗin gina masallaci a unguwar da take da uku, su tuna cewa Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya ya bar wa Musulmi, kuma da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi wace sadaka ce ta fi domin mahaifiyarsa, shayar da ruwa aka nuna masa.

Matasan da suka riƙe tukwanen takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, da ɗakunan agajin gaggawa a tsawon yaƙin nan sun nuna cewa unguwa tana iya tafiyar da aikin yau da kullum da amana, da littafin shiga da fita, ba tare da jiran kowa ba. Irin wannan kwamiti ne ya dace ya riƙe gidan wanka, ya riƙa liƙa lissafin wata a jikin bango inda kowa zai karanta. Abin da ake buƙata daga ƙaramar hukuma bai fi ƙarfinta ba: ta ware fili a babbar tasha da bakin babban asibiti da kasuwar amfanin gona tun kafin a yanka shi a sayar wa masu shaguna, ta ja bututu zuwa wurin, ta yafe masa haraji, ta kuma turo jami'in lafiya yana auna ruwan a kai a kai. A fara da na asibiti da na tasha, kuma a fara da rani, domin da zarar ruwan watan Yuni ya sauka baƙar ƙasar nan ba ta barin a haƙa tushe, motar bulo ma ba ta iya shigowa.